Sana'ar fentin ƴan sojojin roba a Maradi

Ni dai sana'ata fenti ce, amma ba fentin gida ko na mota ba. Ina da ɗan shago nan unguwar Zariya, ni da yara biyu masu taya ni, muna fentin ƴan ƙananan sojoji da dawaki na roba waɗanda ake wasan yaƙi da su bisa teburi, kuma muna gina masu filin daga: duwatsu, ganuwa, gidaje, gulbi, itatuwa, duk ƴan mitsi-mitsi. Soja guda tsawonsa milimita 28 zuwa 32 ne, bai fi gaɓar yatsa da ɗan ɗori ba, kuma a jikin wanga ɗan abu za ka fidda ido da ɗamara har da tsatsar takobi.

Wasan daga Turai ya fito. Tun 1824 hafsoshin sojan Furusiya, cikin Jamus ta yanzu, suke koyon dabarun yaƙi bisa taswira, daga baya abin ya koma wasan shaƙatawa. Yau kamfanin da ya fi suna shi ne Games Workshop na Ingila, wanda anka buɗe a Landan a 1975, su sunka fiddo wasan Warhammer a 1983 sannan Warhammer 40,000, na sojojin sararin samaniya, a 1987. Sojojin babu launi ake sayar da su, toka-toka, gunduwa-gunduwa manne jikin firam, kai za ka yanke ka kankare ka haɗa da gam ka fenta, sannan a jera su a yi ta auna tazara da abin awo ana jefa ƙwaya irin ta ludo. To akwai masu son wasan da ba su da haƙurin fentin, nan abincina yake.

Da can allunan shaguna nike rubutawa, tela da mai aski da mai cajin waya. A YouTube na fara ganin aikin, wani ɗan uwa da ke karatu Faransa ya zo mani da kwali guda da ƴan kwalaben fenti, shi ke nan abin ya shiga raina. Gaskiya masu kawo sojoji ba su da yawa, galibi samari ne da sunka yi karatu waje, wasu Yamai wasu Kano, su aiko a mota in gama in mayar. Abin da ke biyan hayar shago shi ne maket, wato ƙaramin samfurin gini, na masu zanen gidaje da ɗalibai da ƴan lakwal. Amma hannun da ke yin maket mai kyau a wurin sojojin nan ya samu horo.

Duk sirrin aikin a siranta fenti yake. Fentin ruwa ne mai saurin bushewa, irin su Citadel ko Vallejo na Sifen, in ka ɗebo shi da kauri ka lafta, fuskar sojan ta toshe ke nan. Sai ka fara da shafen farko baƙi ko fari don fenti ya kama, sannan launin asali a tsinke da ruwa, shafi biyu ko uku, kana jira kowane ya bushe. Bayan nan ka kawo fenti mai duhu tsararo ka bi jikin, shi da kansa zai gangara cikin lunguna ya kwanta, nan take ninkin riga da zoben sulke su fito. Na ƙarshe ka ɗauki tsohon burushi ka taɓa launi mai haske, ka goge a tsumma har kamar ba komi, ka riƙa shafar saman a hankali, tudun kawai zai ɗauka. Wallahi har yau in na kai wurin nan sai na ji daɗi ya kama ni.

Su masu koyarwa a intanet ba su san zafin Maradi ba. Watan Afrilu da Mayu, zafi sama da digiri 40, fenti kan burushi yake bushewa kafin ya kai jikin soja. Dole ka sa jiƙaƙƙen soso cikin ƴar roba mai murfi, ka shimfiɗa takardar gashin kek bisa, nan za ka riƙa dama fentin, kuma aikin ido da kwalliyar sirdi da asuba nike yinsa bayan salla. Hunturu kuma ƙura, ka shafa ka juya baya ta zauna, shi ya sa kowane aiki ɗanye muna kife shi da roba. Damina tana da nata, in ka fesa banish, wato shafen ƙarshe mai kare fenti, ranar da iska ke da laima sai ya yi fari-fari bisa aikin sati guda.

Filin daga kuwa kusan duk kayansa na nan gida ne. Farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firij da talabijin, shi muke sassaƙawa ya zama dutse ko bango, amma kar ka kuskura ka fesa mashi fenti ko ka ɗiga supagulu kai tsaye, narkewa yake. Farin gam na kafinta za ka fara shafawa, ka barbaɗa yashin gulbi da anka tankaɗe da rariya, ya kwana ya yi tauri tukuna. Garin katako rinanne shi ne ciyawa, wayar wuta a murɗe ta zama gawo ko kuka. Kwali dai a yi hattara da gara.

Akwai masu tambayata batun mutum-mutumi a addini, kuma ban ɗauki tambayar da wasa ba. Malamai na da maganganu a kai, ni ba na jayayya da kowa. Ɗaya daga cikin yarana ma gini da itace kawai yake yi, ba ya taɓa mai rai, na bar shi a kan haka kuma ya ƙware ƙwarai.

Abin da ya fi cin raina yanzu shi ne namu mayaƙan. Garin nan Katsinawa ne sunka kafa sarautarsa bayan jihadi ya fidda su daga Katsina, ga Gobirawan Tsibiri nan kusa, ga tarihin sarakunan Maradi su Ɗan Kasawa da Ɗan Baskore, amma sai a ce teburinmu sojan sararin samaniya kawai? Shi ya sa nike ɗaukar mahayin doki na Turai in kankare mashi kayansa, in murza gam mai haɗi biyu, shuɗi da rawaya da ke komawa kore, in lulluɓe dokin, in bi da bakin allura ina fidda ɗinkin lifidi gida-gida. Ɗan lifidi guda yana cin lokacin soja biyar, kuma ba wanda zai biya kuɗɗin wahalar, jikka nawa za ka ce? Ina yi dai. Dogarai ja da kore, mai kakaki, mai algaita, kaɗan-kaɗan suna taruwa bisa kanta.

Teburin da zan ɗora su shi ne tsohon gari na cikin kwari, wanda ruwa ya ci a 1945 har anka hauro da mutane bisa tudu. Ina bin dattawa ina tambayar inda ƙofofi suke da yadda zauren fada yake, kowa da abin da ya ji wurin kakansa, ni kuma ina zanawa a kwali. Ganuwar gabas an gama sassaƙa ta, saura yashi, sai iskar nan ta lafa za mu shafa gam.