Dattijo ya yi tari, Sale ya yaɓa mini magana

Asabar. Ba wuta tun daren jiya, ga zafi, don haka ina gama karin kumallo na wangale ƙofar gareji na turo Dattijo, tsohon babur ɗin da nake gyarawa, ƙirar Honda CD175, bakin haske. Maman Hanifa ta ce in dai yau ma zan cika mata gida da warin fetur to in nemi inda zan ci abincin rana. Da wasa take. Dambu ma ta yi.

Masu tambayata labarin tankin mansa da ya yi tsatsa, ya yi. Dabarar Baba Makanike ce ta fisshe ni: a zuba noti da ƙananan kusoshi da kananzir, a toshe bakin, a yi ta girgizawa har kafaɗa ta gaji, a zubar a sake. Yanzu in ka haska tocila ciki ƙarfe kake gani, ba tsatsa ba.

Yau ranar kafireta ce. Abin da ke burge ni da CD175 shi ne silinda biyu gare shi amma kafireta ɗaya tal, ba ruwanka da wahalar daidaita biyu. Da na kwance kofin ƙasa sai na tarar tsohon mai ya daskare ya zama kore, yana wani irin wari mai hawa kai. Jet ɗin, wato ɗan ramin da mai ke bi, ya toshe ɗam. Baba ya hana ni sa allura, wai tana faɗaɗa ramin, daga nan babur ya dinga shan mai har abada. Silin waya ɗaya ya zaro daga tsohuwar wayar wuta, mai laushi, da shi na yi ta sakace ramin har haske ya ɓullo ta ɗaya gefen. Fulot kuma, ɗan abin da ke yawo a kan mai cikin kofin, da na kaɗa shi kusa da kunne sai na ji ruwa na motsi a ciki. Muka tsoma shi a ruwan zafi, kumfa ta riƙa fitowa ta wani ɗan tsagi da ido ba ya gani. Baba ya bar shi a rana ya bushe, ya ɗiga masa dalma kaɗan, yana mitar cewa in ta yi yawa zai yi nauyi ya nutse.

Wajen sha ɗaya Sale, wani yaro da a da yake acaɓa, ya shigo, idonsa jawur, daga gadi yake bai ko runtsa ba. Na ce ya je ya kwanta, ya ce barci ba ya gudu. Shi ya riƙe tocila muna saita kwantak, abin da ke buɗewa yana rufewa don fulogi ya ba da wuta. Tazarar bakinsa tsakanin 0.3 ne da 0.4 na milimita, ni da gejina nake aunawa, Baba kuwa takardar sigari yake maƙalawa a tsakani, yana juya injin a hankali da sifana, da zarar takardar ta saki sai ya leƙa ya ga ko alamar F, mai nuna lokacin ba da wuta, ta zo daidai. Sau biyu ya gyara, na uku ta zauna.

Muna cikin haka Sale ya ce, "Yaya, wai in an gama shi ina za ka je da shi?"

Na ce masallacin Juma'a, sai ɗan zagayen Agege ranar Lahadi da safe kafin titi ya cika.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan mana. Injinsa 174cc ne, bai kai 200 ba, don haka a dokar Legas manyan tituna da gadoji ba nasa ba ne. In na hau ma wa zai tsaya tambaya ko na gado ne ko na haya?"

Ya yi shiru yana goge sifana da tsumma. Can ya ce, "Allah mai iko. Nawa bugu ɗaya yake tashi, yana ciyar da mutum shida, aka niƙe shi. Naka ko tari ba ya yi, ana ta shafa shi kamar amarya."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Baba bai yi ba, cewa ya yi, "Kai yaro, miƙo mini lamba goma." Aka ci gaba da aiki. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji, har yanzu da nake rubutun nan ba ta sauka ba.

Na san ba da wata manufa ya faɗa ba. Sale ba ya hassada, in da yana yi da ba zai bar barcinsa ya zo ya kwanta a ƙasan babur ɗin wani ba. Ga labarin Boxer ɗinsa, babur ɗin da yake acaɓa da shi. Tun dokar 2012 aka hana babura hanyoyi 475 a Legas, ana kamawa ana saki ana lallaɓawa. Ranar 1 ga Yunin 2022 aka hana acaɓa gaba ɗaya a Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da Lagos Island da Lagos Mainland, a watan Satumba aka ƙara Mushin da Oshodi-Isolo da Shomolu da Kosofe. Mu da Ikeja kuwa katanga ɗaya. Wani fasinja ya yi masa alkawarin ninkin kuɗi, ya tsallaka da shi, 'yan kame suka tare su. Saura kaɗan ya gama biyan balas mashin ya zama nasa. Daga baya ya ga bidiyo a waya ana murƙushe babura, ya rantse ya hango sitikarsa a jikin wani tanki. Ko nasa ne ko ba nasa ba, ban taɓa yi masa musu ba.

Ba ina cewa dokar ba ta da dalili ba ne. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya asibitin ƙashi na Igbobi a shekarun baya ya san abin da acaɓa ya yi wa ƙafafun mutane, ni kaina madubin motata ya sha a hannunsu. Sai dai wanda ya fi jin zafin dokar shi ne yau yake riƙe mini tocila ina gyaran abin wasa.

Na so in ce masa ai ba abin wasa ba ne, na Malam mahaifina ne. Da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikatan gwamnati, ya saye shi a 1975 yana koyarwa a Zariya, a kan tankin nan nake zama hannuna a kan kambun gudu. To amma Sale ya sani, da shi aka sauke shi daga motar albasa a Mile 12, ba taya mai iska, ba fitila. Kuma da na ƙara tunani sai na ga hujjar tawa ma ta fi goyon bayansa. A hannun Malam Dattijo ba ɗan kwalliya ba ne. Buhun masara ya ɗauka daga gona, Inna ya kai asibiti tana naƙudar Auta, littattafan jarrabawar ɗalibai ake ɗaure masa a baya da roba. Aikin da Boxer ɗin Sale yake yi shi ne aikinsa. Sai da ya zo hannuna ya koma abin da ake gogewa a ɗauki hoto. Abin da na zuba a fenti da ɗinkin sirdi da kayan da aka aiko mini daga Nnewi, ban tara lissafinsa ba, kuma yau na gane da gangan nake ƙin tarawa.

Bayan azahar aka mayar da kafireta. Batir ne matsala, Dattijo bolt 6 yake amfani da shi, yawancin baburan yanzu kuwa 12 ne. Baba ya sake kawo zancensa na kullum, a mayar da shi 12, a cire kwantak a sa CDI, na'urar ba da wuta ta zamani, kowa ya huta. Na ce a'a. Ya ce taurin kan Zage-zagi. Batirin fitilar cajin Hanifa muka ara, shi ma 6 ne, ta tsaya a kanmu sai an yi mata alkawarin mayarwa kafin magariba. Muka jingina fulogi da jikin inji, wuta ta ba da shuɗiya.

Sale na ba kik ɗin, ƙafarsa ta fi tawa sanin aikin. Ya ja cok, ya taka, ya taka, Dattijo ya yi tari. Ya sake takawa sai ya kama, salansa biyu suka tofo farin hayaƙi, gareji ya ɗauki ƙara, yaran maƙwabta suka yo gudu. Bai yi minti ɗaya ba ya mutu. Rabon da a ji wannan muryar tun Malam na da rai. Sale ya yi tsalle yana kabbara yana dukan kafaɗata, Baba ya ce ringi na so a duba amma injin lafiya lau. Duk wanda ke wurin ya fi ni murna, kuma na ji haushin kaina a kan haka.

La'asar. Hadari ya haɗu ta wajen Iyana Ipaja ya watse. An mayar wa Hanifa batirinta. Na miƙa wa Sale na shan ruwa, ya ce, "Haba Yaya, ni da gidanmu?" Dambun dai ya karɓa.

An kawo wuta bayan isha. Maman Hanifa ta ga ina ta juyi, na ba ta labari. Ta ce, "To sayar da shi za ka yi, Abban Hanifa?" Na ce Allah ya kiyaye. Ta ce to in abin ya dame ni in daina tsaki, in je in samu Alhaji in tsaya wa yaron a ba shi keke yana biya a hankali. Na ce tsaya wa mutum a garin nan ba ƙaramin abu ba ne, keken ma ba ko'ina yake shiga ba, in aka kama wuyana ne a ciki. Ta ce ai ta sani, ta juya ta yi barcinta.

Yanzu Sale ya turo saƙon murya daga wurin gadi. Wai wani ɗan gwangwan ya ce masa ya ga irin Dattijo a Owode Onirin, injin ya mutu amma murfin sarƙa da fitilar gaba suna nan, in ina so mu je ranar Litinin kafin a auna shi a kilo. Litinin ɗin ce kuma kaɗai ranar da ake samun Alhaji a shago. Ban ba shi amsa ba tukuna.