Gadar Katako Mai Daɗewa: Abin da Aiki Ya Koya Mini

Aikin da aka ba ni shi ne tsara gadar ƙafa da babura a kan wani rafi da ke raba gari da gonakinsa duk damina, kuma kuɗin da al'umma ta tara bai kai na gadar kankare ba. Da na kawo shawarar katako, dattawan kwamitin sun nuna shakka, domin a saninsu katako ba ya wuce damina kaɗan kafin ya ruɓe ko gara ta cinye shi. Suna da hujja, amma na san cewa gadar Kapell da ke birnin Lucerne a ƙasar Suwizalan ta tsaya tun ƙarni na 14, kuma gobara ce ta cinye mafi yawanta a shekarar 1993, ba ruɓewa ba. Sirrinta shi ne rufin da ke kanta, wanda ya hana ruwan sama zama a jikin katakon.

Funfunar da ke ruɓar da itace ba ta iya aiki idan danshin da ke cikinsa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, saboda haka duk layin da na ja a takarda sai na tambayi kaina inda ruwa zai bi idan ya sauka, da kuma inda iska za ta shiga ta busar da wurin. Mun fara da tsayi. Na nemi tsofaffin manoma su nuna mini iyakar da ambaliya mafi girma ta taɓa kaiwa, suka nuna wani tabo a gindin bishiya, muka ɗaga ginshiƙan kankare sama da wannan alama. Ban bari katako ko ɗaya ya taɓa ƙasa ba, ban kuma yarda a binne kan dogayen katakon a cikin siminti ba, ko da yake magina sun fi son haka saboda sauƙi. Siminti yana riƙe laima, kan katako kuwa, wato inda zarto ya yanka, ya fi kowane ɓangare saurin shan ruwa. Mun ɗora kowane katako a kan farantin ƙarfe, muka bar sarari a bayansa wanda hannun mutum zai iya shiga ya share ƙasa da ganye. Wannan sarari yana da amfani na biyu, domin gara ba ta tafiya a fili. Dole ta gina hanyarta ta laka a jikin ginshiƙi, kuma mai dubawa zai gan ta ya kankare.

Wajen zaɓen itace, kafintoci sun ambaci kirya, wadda kowa ya san taurinta a turmi da taɓarya, sai dai ba ta ba da dogon katako miƙaƙƙe. Mun yi amfani da ekki daga dazuzzukan kudu, itace mai nauyin da yake nutsewa a ruwa, wanda ƙusa ba ta shigarsa sai an fara huda shi. Mun ƙi duk katakon da ke da farin ɓangaren kusa da ɓawo, saboda jan cikin ne kaɗai ke jure gara da ruɓewa.

Mahaɗa ce ta fi ɗaukar hankalina. A nan ake huda itace, a nan ƙarfe ke tsatsa, a nan kuma nauyi ke taruwa. Gadar Tretten ta ƙasar Norway, wadda aka buɗe a 2012, ta rushe a watan Agustan 2022, kuma bincike ya karkata ga wurin da katako ya haɗu da ƙarfe. Ko a ƙaramar gada kamar tamu, na tabbatar ƙusoshi masu noti sun yi nesa da juna da kuma bakin katako, na sa aka sayi waɗanda aka yi wa rufin hana tsatsa, sannan aka lulluɓe saman manyan katakon da kwano mai ɗan gangare kafin a shimfiɗa allunan taka. Tsakanin allo da allo mun bar kusan santimita ɗaya don ruwa da yashi su zube.

Ban yarda da masu ganin shafa baƙin mai ya wadatar ba, domin a fata kawai yake tsayawa, kuma yana gurɓata ruwan da dabbobi ke sha. Abin da na nace a kai shi ne kulawa. Hunturu yana busar da katako har ya tsuke, notuna su saki, don haka kwamitin ya ɗora wa wani kafinta alhakin ɗaure su kafin saukar ruwan farko, da share ƙarƙashin gadar bayan damina. An ɗaura allunan taka ta yadda za a iya cire wanda ya lalace a sauya shi ba tare da an taɓa manyan katakon da ke ɗauke da nauyin ba.