Taron sulhu da na halarta a Kigali

Jama'a, har yanzu zuciyata ba ta sauka ba daga wani taro da na halarta a Kigali, babban birnin Ruwanda. 'Yan ɗarikar Kirista ta Kweka ne suka shirya shi, mutanen da tun asalinsu a Ingila suka ƙi ɗaukar makami.

Kun san abin da ya faru a Ruwanda a 1994: cikin kwana 100 aka hallaka mutum kusan 800,000, akasarinsu 'yan ƙabilar Tutsi. A Nyamata da Ntarama, a cikin coci aka kashe waɗanda suka je neman mafaka. Shi ya sa zancen addini ke da nauyi a bakinsu. Wani dattijo Musulmi daga unguwar Nyamirambo ya ba da labarin maƙwabtan da aka ɓoye a gidajen Musulmi, Kiristoci suka saurara, babu mai ko tari.

Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne tafiyar amana. Ana ɗaure wa mutum ido da ƙyalle, wani ya riƙe hannunsa ya zaga da shi. Na ga wata uwa da aka kashe wa 'ya'ya, mai ja mata gora kuwa tsohon fursuna ne da ya amsa laifinsa a kotun gacaca, wato kotun al'umma da ta yi shari'ar masu hannu a kisan. Hannunta na rawa, ƙafarta na laluben ƙasa. Da suka iso bakin matakala ya tsaya, ya ce mata, "Mama, ɗaga ƙafa." Wallahi sai da na yi hawaye.

Ba wanda ya matsa mata ta ce ta yafe, kuma ba ta ce ba. Wannan haƙurin na masu taron ya burge ni ƙwarai.