Tsohon sojan Darfur

Yau da safe a teburin mai shayi rediyo na ba da labarin El Fasher, babban birnin jihar Darfur ta Arewa a Sudan, sai wani dattijo da muke gaisawa kullum ya ajiye kofinsa ya ce a ƙara murya. Ashe tsohon soja ne, yana cikin dakarun Najeriya da aka kai Darfur ƙarƙashin Tarayyar Afirka, tun kafin UNAMID, rundunar haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Afirka, ta karɓi aikin a ƙarshen 2007. Na ce, "Baba, to me kuka hana a can?" Bai ji haushi ba. Ya ce abin da ya fi tunawa shi ne rakiyar mata daga sansanin 'yan gudun hijira zuwa daji su yo itacen girki. Ranar da motar sojoji ta bi su, su dawo lafiya. Ranar da babu mai, ko umarni bai zo ba, sai abin da Allah ya yi. Maza kuwa ba sa fita, don su kam kashe su ake yi.

Na daɗe ina ƙyamar sojan waje ya tsoma baki a rikicin wata ƙasa. Abin da ƙungiyar tsaro ta NATO ta bari a Libiya a 2011 ya ishe ni hujja, kuma har yanzu ina kan bakana. Sai dai duk da gazawar UNAMID, bayan ta rufe aiki a ƙarshen 2020, yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF, RSF ta yi wa El Fasher ƙawanya fiye da shekara guda, babu wanda ya shiga tsakani. Da 'ya'yana ne a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam da ke kusa da El Fasher, ba na jin zan tsaya tambayar daga wace ƙasa mai tsaronsu ya fito.