Abokan da na samu a bencin baya

Wannan shi ne zango na ƙarshe da zan yi ina ba zumuntar ɗalibai shawara, domin aiki ya mayar da ni wani gari. Yaran sun ce in rubuta musu wani abu kafin in tafi, musamman kan yadda ake samun abokan kirki a jami'a. Na san abin da suke jira su ji: ku shiga ƙungiyar mawaƙa, kada ku fasa nazarin Littafi Mai Tsarki, ku zaɓi masu tsoron Allah. Duk gaskiya ne, kuma duk wanda ya taɓa riƙe makirufo a ɗakin sujada zai faɗa muku haka. Amma ni mutanen da nake bugawa waya tsakar dare idan abu ya same ni, ba ta nan na same su ba. Na same su ne lokacin da zumunta ta ajiye ni gefe.

Na shiga jami'a a 2011 ina tsammanin zan tarar da irin FCS ɗin da muka sani a sakandare, wato zumuntar ɗalibai Kirista, wadda tun da aka fara ta a Gindiri a 1957 take tafiya cikin sauƙi: yara su taru, malami ya sa musu ido, a karanta nassi, a yi waƙa, a watse. Ta jami'armu kuwa, wadda ba ta ƙarƙashin kowa sai ɗakin sujadar makaranta, gwamnati ce mai zaman kanta. Akwai shugaba da ake ce wa Papa ko da gemunsa bai gama fitowa ba, akwai Mama, akwai magatakarda da ma'aji da shugaban addu'a, kowa da kujerarsa a gaba. Komai kuma da Turanci. Mu da muka tashi da Littafin Waƙoƙi a Wusasa, da 'yan Kaltungo da Zuru da Kagoro da Pankshin da Michika, Hausa ce ke haɗa mu a ɗakin kwana da bakin famfo, don kowa da yarensa na gida. Amma da zarar an shiga sujada sai a naɗe ta a sa aljihu. Wanda ya kuskura ya ta da waƙar Hausa sai ka ga ana ƙyafta wa juna ido.

Ina aji biyu aka zaɓe ni ma'aji. Lokacin abokai sai wanda ban so ba. Ɗakina ba ya rabuwa da baƙi, kowa Sista, Sista.

A watan Yunin 2013 muna tara kuɗin fita bishara ƙauye. Wata asuba bayan addu'ar kwana, ana tattara kujeru, Papa ya kira ni gefe ya ce in ba shi naira dubu 45 ya kai wa mai mota da mai janareto kafin wasu su riga mu. Na buɗe littafi na miƙa masa biro. Ya yi dariya ya ce, "Haba Sista, tsakanin 'yan'uwa a cikin Ubangiji har sai an sa hannu? Rasit na zuwa." Na ƙirga na ba shi. Har yau ban ɗauki wannan a matsayin laifina ba: an shekara ana koya mana cewa musu da shugaba tawaye ne, kuma shi ya fi kowa koya mana hakan.

Ranar 1 ga Yuli ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aiki, ba a janye ba sai tsakiyar Disamba. Fita bishara ta sha ruwa, ba a ɗauki mota ba, ba a taɓa janareto ba. Da muka dawo aka ce a karanta lissafi, na karanta, na faɗi inda dubu 45 suka tafi. Papa ya dafe ƙirji ya ce shi dai bai tuna ba, amma ba zai ce 'yar'uwarsa ta yi ƙarya ba, wataƙila ruɗewa ce. Wannan tausayin nasa ya fi zagi ciwo. Lahadi ta zagayo, ya hau bagadi ya sanar cewa an dakatar da ma'aji har a kammala bincike, a sa ta cikin addu'a. Bai kama suna ba. Ma'aji nawa ne a zumunta?

Duk wanda ya yi ajin baftisma ya san Matta sura 18: ka fara zuwa wurin ɗan'uwanka ku biyu, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe a kai gaban ikilisiya. Ni daga ƙarshen aka fara mini. Na je wurin Baba Rabaran mai kula da ɗakin sujada, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "'Yata, ki yi haƙuri, kada a ɓata sunan aikin Allah." Na gane sunana ba ya cikin aikin Allah. Ba a kira abin horo ba, amma duk alamun horo sun cika: na koma bencin baya, ranar Jibin Ubangiji mai rabawa ya zo kaina ya yi jim ya wuce. Waɗanda suke cika ɗakina suka koma gaishe ni daga nesa, "Muna addu'a, Sista." A bayan idona kuwa ana cewa ruwa ba ya tsami banza.

A ɗakinmu akwai wata 'yar Michika da shugabanni suka daɗe da yanke wa hukuncin sanyin ruhaniya, saboda ba ta zuwa sujadarmu. Ita 'yar EYN ce, wato Ikilisiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, gaba da baya, za ta ba ka labarin tsamiyar Garkida inda ikilisiyarsu ta fara a 1923 ko ba ka tambaya ba, kuma kowace Lahadi cikin gari take tafiya sujadar Hausa. Ni kaina na sha yi mata wa'azin ta dawo cikin zumunta. Wata Lahadi da na ƙi tashi, ta yaye mini bargo ta ce, "Ke, tashi. Ba za ki ruɓe mini a kan katifa ba." Ta jefo mini zanenta da ɗankwali, muka hau acaɓa.

Majami'ar ƙarama ce, rufin kwano, benci na katako, yawancin masu zuwa 'yan kasuwa da masu gadi da matan sojoji. Zumuntar Mata ce da waƙa ranar. Suka fito da ankonsu, wata ta rungume tulu tana buga bakinsa da tafin hannu, wata da shantu a cinya, wata da kacau-kacau, shugabarsu tana bayarwa suna amsawa. Babu makirufo, amma kwanon rufin har rawa yake. Na yi wata da watanni ban buɗe baki a sujada ba, ranar sai na ji ina amshi ban sani ba. Da aka tashi, shugabar, wadda masa take soyawa a bakin tasha, ta ja mu gidanta. Ashe ƙawata ta riga ta ba ta labari. Ta ajiye mini kwano, ta dube ni ta ce, "'Yata, kin ci kuɗin nan?" Na ce, "A'a, Mama." Ta ce, "To, ci masa." Binciken da ya fi kowanne adalci a kaina ke nan, kuma bai ɗauki minti ɗaya ba.

Na biyu ɗan Zuru ne mai buga ganga. Ban taɓa yin magana mai tsawo da shi ba, yaro ne mai shiru. Ashe asubar nan yana naɗe wayoyin kayan kiɗa a bayanmu, ya ga lokacin da na ƙirga kuɗin. Ya je taron shugabanni ba a gayyace shi ba, ya ce ya gani da idonsa. Aka gode masa, mako na gaba aka karɓe sandunan ganga daga hannunsa bisa rashin biyayya ga shugabanci. Ya zo ya zauna kusa da ni a baya, ya ce, "Ashe nan iska ta fi kaɗawa." Na uku ɗan Kaltungo ne mai karanta akanta, wanda ba ruwansa da kowa sai lissafi. Shi ba tausayina ya kawo shi ba, ya ce littafin da bai daidaita ba ne ke hana shi barci. Ya karɓi takardun ajiyar banki da na baiko na kowace Lahadi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da shafi biyu da suka nuna kowane kwabo ya shiga inda ya kamata, ban da abin da ya fita asubar nan. Kwamitin bincike ya karɓa. Ban ƙara jin labarin shafukan ba.

Haka muka zama mu huɗu, ba wanda ya shirya. Risho ɗaya muke da shi, na 'yar Michika, kananzir kuwa karo-karo. Wanda aka aiko wa garin kwaki ko wake daga gida ya kawo, wanda ba a aiko wa ba ya wanke tukunya. Muna faɗa sosai, musamman kan baftismar jarirai, don ni Angalika ce, su biyu 'yan ECWA, ita kuma ta rantse in ba a nutsar da mutum sau uku ba bai jiƙa ba. Ba wanda ya sauya ikilisiya har yau.

Sai 2014. A watan Satumba Boko Haram suka shiga Michika, ƙarshen Oktoba suka kama Mubi, har hedkwatar EYN da ke Kwarhi sai da aka watse aka koma Jos. Wayar mahaifiyar ƙawata ta daina shiga. Ta zauna a bakin gado da waya a hannu tana sake kira, ba ta kuka, ba ta cin abinci. A ɗakin sujada an saka Arewa maso Gabas cikin jerin abubuwan addu'a, tsakanin jarrabawa da neman abokin aure. Ɗan Zuru ya bar gwajin da ke gabansa ya raka ta Yola, suka bi majami'u da makarantu da gidajen da mutane suka cika, har Allah ya sa suka sami uwar da ƙannenta biyu, sun sauko daga duwatsu da kayan jikinsu kawai. Ɗan Kaltungo ya sayar da kwamfutarsa aka yi kuɗin mota. Matan majami'ar nan ta kwano suka tara masara da zannuwa da sabulu. Ni kuma na kira mahaifiyata a Wusasa, ban gama bayani ba ta ce, "Ɗakin yayanki ba kowa, su taho." Sun zauna har damina ta wuce. Iyayenmu mata yanzu sun fi mu zumunci, in suka kama waya sai katin ya ƙare. Da Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take, ban ga wanda ya fassara ta kamar yaron nan da aka ce ba shi da biyayya ba.

Papa ya gama karatu, aka yi masa bikin sallama, aka ba shi lambar yabo ta shugabanci nagari. Bayan tafiyarsa sababbin shugabanni suka turo mini wasiƙa mai layi uku cewa bincike bai tabbatar da zargi ba. Na nemi a karanta ta a inda aka karanta dakatarwar. Aka ce a bar kaza cikin gashinta. Akwai waɗanda muka yi makaranta tare da har gobe abin da suka sani game da ni shi ne ma'ajin da aka dakatar. Na yafe, tunda an umarce mu, amma wasiƙar tana cikin fayil ɗaya da takardar digirina.

Saboda haka ku da za a zaɓa bana: kuɗin zumunta kada ya fita sai da hannu biyu a takarda, ko wa ya nema. In ya kawo muku maganar 'yan'uwantaka, ku buɗe masa 2 Korantiyawa sura 8, inda Bulus da kansa ya sa ikilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka gudummawa don kada wani ya sami abin faɗa. Baiko a ƙirga shi mutum biyu, a gaban na uku. Abin da aka sanar a kan bagadi, a kan bagadi ake janye shi. Baba Rabaran mutum ne, yana iya tsoron fitina fiye da son gaskiya. Ku riƙa leƙa sujadar Hausa a cikin gari, akwai iyayen da za su ciyar da ku ba tare da sun tambayi matsayinku ba. Wanda aka ce muku ya yi sanyi, ku je ɗakinsa ku gani da kanku. Kada ku fasa lakca don taron kwamiti.

Mu huɗun mun warwatsu, bautar ƙasa ta fara raba mu, aure da aiki suka ƙarasa. Ni na riƙe wa 'yar Michika fure ranar aurenta, ɗan Zuru ya buga ganga, wannan karon ba wanda ya karɓe masa sanda. Papa kuwa yanzu yana da majami'arsa. Kwanakin baya ya turo saƙo a zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai yana neman gudummawar gini, da lambar asusu mai ɗauke da sunansa. Ɗan Kaltungo ya amsa cikin ladabi, ya ce Allah ya sa albarka, a turo asusun ikilisiya da sunayen mutum biyun da ke sa hannu. Kafin la'asar an cire shi daga zauren.