Hannu nawa jaruminka yake da shi?

Sana'armu tace rubutu ce da tsara shafi kafin littafi ya tafi maɗaba'a. Mu uku ne kacal: ni, da mai buga rubutu a kwamfuta, da wata yarinya mai idon shaho wajen tsinto kuskure. Ƙagaggun labarai aka fi kawo mana, kuma babin faɗa ne ya fi shan jan biro.

Kwanakin baya wani matashi ya kawo nasa. Jarumin na riƙe da fitila a hannu guda, jaka a ɗayan, sai ga shi ya shaƙe ɓarawo, ya kuma murɗa ƙofa. Na ce, "Malam, mutumin nan hannu nawa gare shi?" Ya yi yaƙe. Ni dai duk inda faɗa ya kaure a labari, takarda nake ɗauka in zana ɗakin: ga ƙofa, ga taga, ga inda kowa yake tsaye. Abin da na kasa zanawa, mai karatu ma ba zai gan shi ba.

Wannan gyaran mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne marubucin da zai cika shafi shida da naushi da jini, alhali ba a san me ake rabawa ba. Ka karanta, ko a jikinka. Nakan tambaye su: me wannan yake nema, wa ya tare masa hanya, me zai rasa in an kayar da shi? Na taɓa tace wani babi inda wa da ƙane ke zaune gaban takardar rabon gado. Ba wanda ya ɗaga murya. Wan ya turo biro, ƙanen ya ƙi ɗauka. Wallahi gabana ya fi faɗuwa a nan.

Sauran aikin na almakashi ne. Ina datse dogayen jimloli, ina rage "cikin zafin nama" in ta maimaitu, ina soke jawabin tsakiyar kokawa, don wanda aka nausa a ciki ba shi da numfashin yin wa'azi. Wanda kuma aka karya wa ƙafa a babi na 4, dole ya ɗingisa a na 5.

Matashin nan ya dawo bayan mako biyu. Yanzu jarumin ya ajiye fitilar a ƙasa kafin ya kai hannu, ɓarawon ya yi fatali da ita, ɗakin ya yi duhu. Shafin ban sa masa jan biro ko sau ɗaya ba.