Na'urori nawa rautar gida za ta iya ɗauka?

Da kwan fitila mai Wi-Fi na fara, sai soket, sai kyamarori, har na'urorin da ke rataye a rautar gidana, wato akwatin da ke raba Wi-Fi, suka haura 40 idan aka haɗa da wayoyi da talabijin. Duk wanda ya shigo ya gani sai ya tambaye ni ko rauta guda za ta iya da wannan kaya, ni ma kuwa tambayar ta daɗe tana damuna.

A takarda amsar ba ta da wuya. Kowace na'ura sai rauta ta ba ta adireshi, wato lambar da ake gane ta da ita, kuma yawancin rautocin gida suna raba adireshi ne daga rukuni mai guda 254, rautar ta riƙe ɗaya, saura 253. Amma da na shiga shafin saitin tawa, sai na tarar ɓangaren da ke rabon adireshin, wato DHCP, guda 50 kacal aka ware masa. Ga shi kuma wayar baƙon da ya zo ya tafi tana riƙe da nata har wa'adinsa ya cika, galibi awa 24. Shi ya sa wata rana sabon soket ya ƙi shiga sam, alhali lafiyarsa ƙalau. Na faɗaɗa rukunin, nan take ya shiga.

Abin da ya fi ba ni aiki daban ne. Da daddare sai in danna waya in kashe fitilar ƙarshen baranda, in tsaya ina kallonta tana ci, sai can ta mutu. Adireshi bai ƙare ba, intanet ma na gudu. Ashe iskar da siginar Wi-Fi ke bi ce ta cika. Kusan duk waɗannan ƙananan na'urori zangon rediyo na 2.4 GHz kaɗai suke kamawa, kuma a zangon nan tashoshi uku ne ba sa shiga juna: 1 da 6 da 11. Rautocin maƙwabta nan suke, Bluetooth ma nan yake. A kan tasha ɗaya kuwa bi da bi ake aika saƙo, kamar rijiya mai guga ɗaya. Na'urar da ke nesa, wadda sigina ke isarta da ƙyar, tana rage gudunta, sai ta daɗe riƙe da gugan, kowa na jiranta. Wannan ne ba a rubutawa a jikin kwali, kuma a ganina ya fi yawan na'urorin muhimmanci nesa ba kusa ba.

Ba kuma duka nauyinsu ɗaya ba. Kwan fitila ɗan saƙo yake aikawa jefi-jefi, ya yi shiru. Kyamara mai tura bidiyon 1080p kuwa takan ci wajen megabit 2 ko fiye a sakan, ba hutawa. Kyamarori uku sun fi fitilu talatin takura wa gida.

Don haka na ja wa kyamarorin wayar Ethernet, wato kebul da ke haɗa su da rauta kai tsaye, na fitar da su daga iska gaba ɗaya. Wayoyi da talabijin da kwamfuta na mayar da su zangon 5 GHz, wanda ya fi yawan tashoshi ko da yake bai kai wancan ratsa bango ba. Fitilun da na ƙara daga baya masu Zigbee na saya, wata hanyar sadarwa mara waya da ba Wi-Fi ba. Da ƙaramar cibiyarsu suke magana, rauta kuwa cibiyar kaɗai take gani, kuma fitilun suna miƙa wa juna saƙo har ya kai ta nesa. Sai dai Zigbee ma a 2.4 GHz take aiki, shi ya sa na ɗauke cibiyar daga jikin rautar na ba su tazara.

An yi ta ba ni shawarar in sayi rauta mai Wi-Fi 6, wadda ta bazu tun 2019 kuma tana iya kula da na'urori da dama a lokaci guda. Tana da amfani, amma sai na'urar ita ma ta san Wi-Fi 6, kuma tsofaffin fitiluna da soket ɗina ba su san shi ba. Yanzu idan wani abu ya fara nawa, shafin rautar nake buɗewa in duba wace na'ura ce siginarta ta fi rauni, in matso da ita ko in ja mata waya.